Kan Yumɓu a Gonar Citta

Ranar Laraba, bayan ruwan fari,
ina kaftu a gangaren Kwoi, can ƙasan gona,
fartanya ta ce ƙwas, ta ƙi shiga.
Na zaci dutse ne, na zura hannuna,
sai ga fuska, ja kamar tukunyar da ta sha wuta,
kitso tuntu uku a ka, leɓe a buɗe,
kamar an katse ta a tsakiyar magana.

Idanunta huda biyu ne, ba komai ciki,
amma na rantse sun riga ni kallo.
Kunne ɗaya ya tafi, wuya ya karye,
tururuwa na fitowa ta hancinta a jere
kamar 'yan haya da aka tasa da tsakar rana.

Na kai ta wurin Kaka Kande,
wadda ido ya gaza, sai yatsu ke gani.
Ta shafa goshin, ta bi kitson, ta yi shiru
har tuwon acca ya huce a gabana.
Ta ce, "Dogara, a bakin kakata na ji
akwai wata mai buɗe cikin ƙasa.
Ba a jefa iri sai an zuba mata kunu.
Macen da ta daɗe ba goyo takan je ta kwana
a gindin ɗorawa, ta dawo da ɗanyen ganye a ƙugu.
Ko ita ce wannan, ko wata ce, oho."
Na ce, sunanta fa?
Ta yi dariyar da ba haƙori:
"Abin da aka daina kira yakan manta hanyar gida.
Haka ya faru da suna."

Bulus maƙwabcina ya ce a farfasa ta.
Malam Hudu mai awo ya ce a jefa rafi.
Tun rigimar iyakar fadama, shekara tara,
ban ji bakinsu ya zo ɗaya ba sai a kan wannan.
Da dare wani ya zo da mota mai baƙin gilashi,
ya zube kuɗin buhu ashirin a kan tabarma,
a shekarar da citta ta ruɓe mana a kunya
muka haƙa muka tarar da wari.
Na kalli kuɗin. Na daɗe ina kallo, ba zan ɓoye ba.
Sannan na ce ya kwashe, zan kwana.

Ni Allah ɗaya na sani, shi ke saukar da damina.
Amma wanda ya murza wannan yumɓu
ya taɓa tsayawa bakin rumbu yana lissafi,
ya taɓa duban gabas, hadari ya taso ya watse.
Ga shatin babban yatsansa a bayan kunnen.
Na ɗora nawa a kai.
Daram ya zauna.

Na naɗe ta a tsohon zanen Saratu,
na rungume ta a mota, ramin hanyar Kachia
na jijjiga mu tare har Kaduna.
A gidan kayan tarihi suka sa safar hannu,
suka auna ta, suka ba ta lamba,
suka zaunar da ita a akwatin gilashi
inda ba raɓa, ba ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa,
sai fanka, da 'yan makaranta masu ɗaukar hoto
suna ture juna.

Ƙasar da na kakkaɓe daga cikin kanta kuwa
tana nan a fasasshen kwano, bayan rumbu.
Kwana takwas, wani abu ya leƙo,
ganye biyu, siriri, kore shar.
Ba acca ba ne, ba citta ba, ba ridi ba.
Kaka ta murza, ta shinshina, ta girgiza kai.
Saratu ta ce ciyawa ce, in bar wahalar da kaina.
Wataƙila.
Kullum da asuba, kafin in saɓa fartanya,
nakan ɗan tsiyaya masa ruwa daga buta.
Shi ma har yau ba shi da suna.